Siffofin Turanci da Abokan Tafiyarsu: Tambayoyi da Amsoshi

Mai koyon Turanci yakan kai wani matsayi inda nahawunsa ya daidaita, ya kuma tara kalmomi masu yawa, amma in ya yi rubutu sai wanda ya ƙware ya karanta ya ce masa, "An gane abin da kake nufi, sai dai ba haka ake faɗa ba." Sau da yawa matsalar tana wajen siffa ce: wace siffa ke tafiya da wane suna, wane aikatau ke ɗaukar wace siffa, kuma a ina ake ajiye ta cikin jimla.

Me ake nufi da cewa siffa tana "tafiya" da wata kalma?

Ana nufin akwai kalmomin da masu harshe suka saba haɗawa, har kunne ya riƙa jiran ta biyu da zarar ya ji ta farko. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin abin a bakinsa yake. Muna cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja zur, kore shar. Wanda ya ce "fari ƙirin" za a gane farin yake nufi, amma kowa zai juyo ya dube shi. Turanci ma haka yake da *pitch black*, *snow white*, *bone dry*, *wide open* da *brand new*, kuma abin bai tsaya kan launi ba, ya ratsa harshen gaba ɗaya.

Masana harshe suna kiran wannan ɗabi'a *collocation*. Harold Palmer, wani malami ɗan Ingila da ya yi aikin koyar da Turanci a Japan, ya fitar da rahoto a kanta a 1933, inda ya nuna cewa irin waɗannan kalmomi a dunƙule ake koyonsu, ba a harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya J. R. Firth na Jami'ar Landan ya yi wata magana a 1957 da har yau ake maimaitawa, ma'anarta ita ce ana gane kalma ta abokan zamanta.

Me ya sa ake cewa *heavy rain* amma *strong wind*? Akwai wata ƙa'ida?

Ƙa'ida cikakkiya babu, amma akwai alamu da ke rage wa mutum wahala. *Heavy* tana son abin da ya yi yawa har ya danne mutane: *heavy rain*, *heavy snow*, *heavy traffic*, *heavy losses*, *heavy fighting*. Mutumin da ya cika shan taba shi ne *a heavy smoker*, ko da siriri ne. *Strong* kuwa tana bin abin da ke bugun jiki ko hanci ko hankali: *strong wind*, *strong smell*, *strong accent*, *strong evidence*, *strong opinion*. Tarkon da ke jiran mai Hausa shi ne, mu mukan ce ruwan sama mai ƙarfi, sai hannu ya rubuta *strong rain*. Mukan kuma ce barci mai nauyi, alhali Turanci ya fi cewa *deep sleep*, ya ajiye *heavy sleeper* domin mutumin da ba ya farkawa da wuri.

Masanin harshe M. A. K. Halliday ya kawo wani misali a 1966 da ya zama sananne. *Strong* da *powerful* kusan ma'anarsu ɗaya, har ana iya cewa *a strong argument* ko *a powerful argument* ba tare da an sami bambanci mai yawa ba. Amma shayi *strong* ne, ba ya zama *powerful*, injin mota kuma *powerful* ne. In ka ce *a strong car* sai a ɗauka ƙwarin jikinta kake nufi. Wannan ya nuna cewa kalmomi biyu suna iya yin tarayya a ma'ana amma kowace da mutanenta.

Kishiyoyi ma ba sa tafiya yadda ake zato. Kishiyar *strong tea* ita ce *weak tea*, amma kishiyar *strong wind* ita ce *light wind*, ta *strong accent* kuma *slight accent*. Wanda ya haddace cewa kishiyar *strong* ita ce *weak* ya tsaya nan, sau ɗaya kawai zai dace cikin ukun.

Akwai wasu tagwaye da ke yawan rikita mutane. Kaya ne ke zama *expensive* ko *cheap*, farashi kuwa *high* ne ko *low*, don haka *expensive price* kuskure ne da malamai ke yawan ja wa jan layi. Mutum da bishiya *tall* ne, dutse da katanga da rufin ɗaki *high*. *Fast* tana magana kan gudu, kamar *a fast car* da *a fast runner*, *quick* kuma kan abin da bai ɗauki lokaci ba, kamar *a quick look* da *a quick decision*. Sai kuma *big*, *large* da *great*: kuskure *a big mistake* ne, adadi *a large number* ko *a large amount*, abin da ba a taɓawa da hannu kuma yakan ɗauki *great*, kamar *great importance*, *great care* da *great difficulty*.

In na haɗa su ba daidai ba, za a fahimce ni?

Galibi za a fahimta. Babu wanda zai kasa gane *strong rain*. Sai dai mai sauraro zai ɗan yi tuntuɓe, in tuntuɓen ya yi yawa kuma sai ya bar sauraron maganarka ya koma sauraron Turancinka. A hira wannan ba komai ba ne. A takardar neman aiki ko jarrabawa irin su IELTS, inda ake duba yadda mutum ke sarrafa kalmomi, yana rage maki.

Waɗanne aikatau ne siffa ke biyo bayansu kai tsaye?

Waɗanda aikinsu shi ne haɗa wanda ake magana a kansa da halin da yake ciki. Uwarsu ita ce *be*, sai *seem* da *appear*, sai na gaɓoɓin ji guda biyar: *look*, *sound*, *feel*, *smell* da *taste*. Akwai na ci gaba da zama a hali ɗaya, wato *stay*, *remain* da *keep*, kamar *stay calm*, *remain silent*, *keep quiet*. Akwai kuma na sauyawa daga wani hali zuwa wani, waɗanda tambaya ta gaba ta shafa.

Abin lura shi ne, bayan waɗannan aikatau siffa ake sawa, ba bayanau mai ƙarewa da *-ly* ba. Ana cewa *she looks happy*, *it sounds strange*, *I feel bad*. Mutane da yawa sukan ga *I feel bad* su ɗauka kuskure ne su gyara zuwa *badly*, suna ganin sun fi iya nahawu, alhali ta farkon ce daidaitacciya. Amma aikatau ɗaya yana iya sa hula biyu. *He looked angry* na nufin alamar fushi ta bayyana a fuskarsa. *He looked angrily at me* na nufin ya dube ni cikin fushi, a nan *look* aiki ne da ya yi da idonsa, shi ya sa ya ɗauki bayanau. Hanyar gwaji mai sauƙi: cire aikatau ɗin ka sa *is* ko *was*. In jimlar ta tsaya da ƙafarta, siffa ake bukata.

Duk "zama" ne: yaushe ake amfani da *become*, *get*, *go*, *turn*, *fall* ko *come*?

Nan ne gizo ke saƙar, domin Hausa da "zama" da "koma" da "yi" take biyan wannan bukata, Turanci kuwa ya raba aikin wa aikatau kusan takwas.

*Become* da *get* su ne masu faɗi. *Become* ta fi dacewa da rubutu da magana ta hukuma: *become clear*, *become aware*, *become famous*. *Get* ta yau da kullum ce: *get tired*, *get ready*, *get angry*, *get dark*, *get better*. In kana shakka, ɗaya daga cikin biyun nan takan fisshe ka, ko da ba ita ce mafi daɗin ji ba.

*Go* ita ce mai ban sha'awa. Dubi abokanta: *go bad*, *go wrong*, *go mad*, *go blind*, *go deaf*, *go bald*, *go missing*, *go bankrupt*. Kusan duk lalacewa ce ko asara. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka *go* ta ɗauki warin abokanta, har ta kai in ka ce *he went happy* ko *she went rich* sai kunnen mai harshen ya ƙi karɓa. Akwai 'yan kaɗan da suka fita daga wannan sahu, kamar *go public* da *go live*, amma ba su rushe tsarin ba. *Come* kuma takan karkata ga abin da ya daidaita ko ya warware: *come true*, *come right*, *come alive*, *come loose*. Shi ya sa a Turanci mafarki *comes true*, shiri kuma *goes wrong*.

*Turn* tana son launi da yanayi da sauyin da ake gani ƙuru-ƙuru: *turn red*, *turn pale*, *turn cold*, *turn sour*, *turn nasty*. *Grow* ta abin da ke zuwa sannu a hankali ce, kamar *grow old*, *grow dark*, *grow impatient*, kuma tana da ɗan ƙamshin adabi. *Fall* abokanta kaɗan ne, gara a haddace su: *fall asleep*, *fall ill*, *fall silent*, *fall vacant*. *Run* ta abin da ke ƙarewa ce: rijiya *runs dry*, kaya *run low* ko *run short*. Ba a cewa *fall angry*, ba a cewa *go old*, kuma babu wani dalili na hankali da za a ba ka face cewa ba a saba ba.

Ina siffa ke shiga cikin maganganu irin su *make a mistake* da *take a breath*?

Tsakanin aikatau da suna, kuma wannan tsari yana daga cikin abubuwan da ke sa Turancin mutum ya yi kama da na 'yan gida. Akwai wasu aikatau, *make*, *do*, *take*, *have*, *give* da *pay*, waɗanda a irin wannan wuri ma'anarsu ta kusan ƙafewa, sunan da ke biye ne ke ɗauke da saƙon. Muna da irinsu: "sha" da ke cikin sha wahala, sha iska da sha kashi ba ta da alaƙa da maƙogwaro.

Amfanin tsarin shi ne yana buɗe wa siffa ƙofa. Maimakon *he looked quickly*, sai a ce *he had a quick look*. Maimakon *breathe deeply*, sai *take a deep breath*. Haka *make a serious mistake*, *pay close attention*, *do serious damage*, *give a brief account*, *take full responsibility*, *make a big difference*, *have a good time*. Ka ga a nan zaɓi biyu ne a gabanka lokaci ɗaya, na aikatau da na siffa, kuma sunan ne ke yanke hukunci a kan duka biyun. *Attention* ita ta zaɓi *pay*, ita kuma ta zaɓi *close*, *careful* ko *special*. Wanda ya ce *do a big mistake* ya dace da siffa ya faɗi a aikatau. Wanda ya ce *pay near attention* ya dace da aikatau ya faɗi a siffa, ko da yake *near* da *close* duk kusa ne.

Me ya sa siffa ke zuwa a ƙarshe cikin *keep the door open* ko *make it clear*?

Saboda a nan siffar tana faɗin halin da aikin ya bar abin a ciki, ko halin da mai magana ya same shi. *Paint the wall white* na nufin a shafa wa bango fenti har ya zama fari. *Paint the white wall* kuwa bangon dama fari ne, ba a faɗi launin da za a shafa ba. Sauya wuri ya sauya ma'ana.

Wasu haɗe-haɗen sun daskare: *set free*, *leave alone*, *drive someone crazy*, *wipe clean*, *push open*, *hold someone responsible*. Sai kuma wata ƙaramar *it* da ake yawan mantawa: *I find it hard to sleep*, *she made it clear that she would not come*. In ka cire *it* ɗin jimlar ta gurgunce.

Me ya sa ba a cewa *an afraid child* ko *an asleep man*?

Yawancin siffofin Turanci suna iya zama a wuri biyu, gaban suna ko bayan aikatau: *a tired man*, *the man is tired*. Amma akwai wani rukuni, galibinsu masu farawa da *a-*, da ba sa yarda su zauna gaban suna: *afraid*, *asleep*, *awake*, *alive*, *alone*, *alike*. In kana son sa su a gaba sai ka nemo 'yar'uwarsu: *a frightened child*, *a sleeping man*, *a living creature*, *a lonely woman*, *similar houses*.

Tarihi ya bayyana wani ɓangare na dalilin. *Asleep* da *alive* asalinsu kalmomi biyu ne a tsohon Turanci, *on* haɗe da sunan barci ko rai, wato "cikin barci" da "a raye", *alone* kuma daga *all one* ta fito. Tun da asalinsu yankin jimla ne, sun riƙe mazauninsu na baya. Su ma suna da nasu abokan ƙarfafawa na musamman: *fast asleep* ko *sound asleep*, *wide awake*, *all alone*. *Fast* ɗin nan ba ta gudu ba ce, tsohuwar ma'anarta ce ta abin da ya kafu daram.

Akwai kuma masu akasin haka, waɗanda gaban suna kawai suke zama: *main*, *chief*, *former*, *mere*, *utter*, *elder*. Ana cewa *the main reason*, ba a cewa *the reason is main*. Ana cewa *my elder brother*, amma in za a kwatanta shekaru sai *he is older than me*.

Akwai lokacin da siffa ke bin bayan suna kai tsaye?

Akwai. Bayan *something*, *anything*, *nothing* da *someone* dole ne: *something new*, *nothing special*, *someone important*. Haka a awo: *three metres long*, *ten years old*. Sai wasu laƙabobi na mulki da shari'a, kamar *attorney general*, *court martial* da *heir apparent*, waɗanda suka bi tsarin Faransanci, harshen da ya mamaye fada da kotunan Ingila bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. *Secretary-General* na Majalisar Ɗinkin Duniya ma a kan wannan tsari yake.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne 'yan siffofin da ma'anarsu ke juyawa da juyawar wuri. *The present members* su ne mambobin yanzu, *the members present* su ne waɗanda suka halarta. *Concerned parents* iyaye ne da hankalinsu ya tashi, *the parents concerned* kuwa iyayen da abin ya shafa. *A responsible person* mutum ne mai riƙon amana, *the person responsible* kuma shi ne wanda alhakin abin ke wuyansa, wataƙila ma shi ya yi ɓarnar. A wasiƙar ofis wannan bambanci yana iya mai da yabo zargi.

In siffofi sun taru gaban suna ɗaya, wacce ke fara zuwa?

Jerin da littattafan nahawu ke bayarwa shi ne: ra'ayi, girma, shekaru, siga, launi, asali, abin da aka yi shi da shi, sannan amfaninsa. Shi ya sa ake cewa *a beautiful old wooden chair* da *a small black leather bag*. Mai harshen bai taɓa zama ya haddace jerin ba, amma in ka ce *a leather black small bag* zai ji kamar an sa riga a baibai.

A ganina haddace jerin takwas ɗin ɓata lokaci ne, domin da wuya mutum ya jera siffofi fiye da uku a magana ta gaske. Abin riƙewa ɗaya ne: abin da ya fi zama ra'ayinka yana nesa da suna, abin da ya fi zama jikin abin kansa yana manne da shi. Kyan kujera ra'ayi ne, katakonta kuwa ba a musunsa. In siffofin daga rukuni ɗaya suke, ana raba su da waƙafi, kamar *a cold, wet night*, launuka biyu kuma da *and*, kamar *a black and white photo*.

Me ya sa ake cewa *very good* amma ba a cika cewa *very excellent* ba?

Wasu siffofi suna da matakai, ana iya ƙara su ko a rage: *good*, *cold*, *tired*, *big*. Waɗannan su ke ɗaukar *very*. Wasu kuwa sun riga sun kai maƙura: *excellent*, *freezing*, *exhausted*, *enormous*, *impossible*. Su *absolutely*, *completely* ko *totally* suke so. *Really* tana shiga ko'ina.

Bayan wannan akwai abota ta musamman da sai an saba: *highly unlikely*, *highly recommended*, *deeply sorry*, *deeply concerned*, *bitterly disappointed*, *bitterly cold*, *fully aware*, *seriously ill*, *badly injured*, *utterly ridiculous*. *Utterly* ma irin *go* ce, abokanta galibi marasa daɗi ne. Duk wanda ya iya goma daga cikin waɗannan zai ga *very* ta ragu a rubutunsa, kuma hakan alheri ne, domin ta sha aiki. A tuna kuma *enough* bayan siffa take zuwa, *good enough*, *old enough*, *too* kuma ba "sosai" take nufi ba, tana nufin abin ya wuce kima. Wanda ya ce wa baƙo *I am too happy to see you* yana nufin alheri, amma *very* ko *so* ya kamata ya sa.

Mene ne bambancin *I am bored* da *I am boring*?

Mai *-ed* tana faɗin abin da mutum ke ji, mai *-ing* tana faɗin abin da ya jawo jin. *I am bored*, na ƙosa. *I am boring*, ni ne mai ƙosar da mutane. Haka *interested* da *interesting*, *confused* da *confusing*, *tired* da *tiring*, *disappointed* da *disappointing*.

Ƙananan kalmomin da ke bin siffa fa, irin su *at*, *in* da *of*?

Su ma cikin abotar suke, kuma tare da siffar ake haddace su kamar kalma ɗaya: *good at*, *interested in*, *afraid of*, *proud of*, *responsible for*, *similar to*, *satisfied with*. Aure a Turanci *married to* ne, ko da yake Hausa na tura mu ga *with* saboda muna cewa ta yi aure da wane. *Married with two children* magana ce daban, tana nufin yana da aure da 'ya'ya biyu. Fushi kuma *angry with* mutum ne, amma *angry about* wani abu. Ana cewa *dependent on*, amma *independent of*. Kada ka nemi hikima a ciki.

Wasu siffofi kuma aikatau ne ke bin su, kowace da sigar da take so: *ready to go*, *able to swim*, amma *worth reading*, *busy working*. Akwai misalin da masanin harshe Noam Chomsky ya shahara da shi, *easy to please* da *eager to please*. A ido tsarinsu ɗaya, amma a ta farko mutumin ne ake faranta wa, a ta biyu shi ke son faranta wa wasu. Saboda haka ɗalibin da ya ce *I am difficult to understand English* ya kauce hanya, abin da yake nufi shi ne *it is difficult for me to understand English*. Haka ana cewa *he is likely to come*, amma *possible* ba ta yarda da wannan tsari, sai dai *it is possible that he will come*.

Siffar Turanci tana da jam'i ko jinsi?

Ba ta da su. Mu muna cewa fari, fara, farare, Turanci kuwa *white* ce ko'ina. Tsohon Turanci yana da irin waɗannan ɗafe-ɗafe, amma sun zube tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Abu biyu ne kawai ke bukatar kula. In an sa *the* gaban siffa don nufin jama'a, kamar *the poor*, *the rich*, *the elderly*, ba a ƙara *-s*, amma aikatau na jam'i ake sawa: *the poor are*. Sannan in adadi da suna suka haɗu suka yi aikin siffa, sunan yakan zubar da *-s* ɗinsa: *a ten-year-old boy*, *a five-minute walk*, *a two-hour meeting*.

Turancin Ingila da na Amurka sun bambanta a nan?

Kaɗan. *Different from* karɓaɓɓiya ce ko'ina, amma za ka ji *different to* a Ingila, *different than* a Amurka. Ba'amurke in ya ce *I was sick* rashin lafiya yake nufi, ɗan Ingila kuwa yana iya nufin ya yi amai. *Mad at you* a Amurka fushi ne. *Smart* a Amurka kaifin basira ne, a Ingila sau da yawa kyan shiga ne. *Quite good* a bakin ɗan Ingila tana iya zama "ba laifi", a bakin Ba'amurke kuma yabo ne sosai. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai cikin rubutu ɗaya.

Ta yaya zan tabbatar cewa haɗin da na yi daidai ne, kuma ta yaya zan riƙe su?

Ƙamus na fassara tsakanin harsuna biyu ba ya wadatarwa, domin ma'ana yake ba ka, ba ya gaya maka abokai. Akwai ƙamusoshin da aka yi musamman domin wannan aiki: BBI ya fito a 1986, na Oxford kuma, *Oxford Collocations Dictionary*, a 2002. Ƙamusoshin masu koyo na zamani ma suna nuna abokan kalma cikin misalansu, al'adar da ta yi ƙarfi tun da John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham suka fitar da ƙamus ɗin COBUILD a 1987, wanda aka gina a kan tarin rubuce-rubuce na gaske da aka zuba cikin kwamfuta.

Irin waɗannan rumbuna yanzu suna intanet. British National Corpus yana da kalmomi kusan miliyan 100, COCA na Turancin Amurka, wanda Mark Davies ya buɗe a 2008, ya haura biliyan ɗaya. Mafi sauƙin amfani shi ne Ngram Viewer na Google, da aka fitar a 2010: ka rubuta *heavy rain* da *strong rain* da waƙafi a tsakani, sai ya zana maka layi biyu, ɗaya can sama, ɗaya kwance a ƙasa. Abin da ban ba da shawara ba shi ne dogaro da yawan sakamakon bincike na gama-gari, domin intanet cike take da rubutun masu koyo irinka, kuma kuskuren da mutum dubu suka yi yakan fito kamar daidai.

Wajen riƙewa kuwa, ka tsara littafinka bisa suna, kada ka tsara shi bisa siffa, domin in ka zo rubutu sunan ne ke fara zo maka, siffar ce ke ɓacewa. Buɗe shafi ka rubuta *decision* a tsakiya. A hagu ka jera siffofin da ka gani tare da ita a karatu, *difficult*, *tough*, *final*, *wise*, *hasty*, a gabansu kuma aikatau, *make*, *take*, *reach*. Duk lokacin da ka ci karo da sabuwa ka ƙara, tare da jimlar da ka tsince ta a ciki, ka kuma karanta jimlar da ƙarfi. Fara da sunayen da aikinka ko karatunka ke yawan bukata, irin su *problem*, *result*, *effort*, *risk* da *change*.